Kuɗin Gaggawa A Layin Biza: Halal Ne Ko Toshiyar Baki?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure, Ya sanya shi sutura da natsuwa ga bayinSa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar uwata Musulma, abin da ya jawo wannan nasiha tambaya ce da wata ƙanwarmu ta tare ni da ita bayan an tashi daga Islamiyya. Maigidanta yana Ingila, ya daɗe yana aiki a can har ya samu takardar zaman dindindin, ita kuwa tana nan gida da yaro ɗaya. Shekara uku ke nan da aure, amma in an tattara kwanakin da suka yi tare ba za su cika wata huɗu ba. Yanzu an haɗa takardu za a nema mata biza ita da yaron. Sai ta ce da ni, "Malama, an ce in an ƙara fam 500 a kaina, 500 a kan yaron, za a duba namu kafin na mutane. Ni dai zuciyata ta kasa natsuwa. Anya wannan ba cin hanci ba ne? Kuma in na tsallake wata wadda ta riga ni shiga layi, ba ni da alhakinta?"

Wallahi na ji daɗin wannan tambaya, domin kuwa mai tsoron Allah ce kaɗai za ta tuna da haƙƙin wata a daidai lokacin da ita kanta take cikin ƙunci. Na san kuma ba ita kaɗai ba ce. A yau da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da matar da mijinta yake Turai ko Amurka ba, tana jiran ranar da za a kira ta. Saboda haka bari mu zauna mu warware maganar dalla-dalla.

Yadda abin yake a ƙasashen

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba, don haka mu fara da sanin yadda tsarin yake. A Birtaniya, matar da za ta bi mijinta wanda yake ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, kuɗin bizarta a shekarar 2025 fam 1,938 ne. Bayan wannan akwai kuɗin kula da lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a kowace shekara ga babba. Akwai jarrabawar Turanci, akwai gwajin tarin fuka. Shi kuma mijin, tun Afrilun 2024 sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, alhali daga 2012 har zuwa wannan lokacin fam 18,600 ake nema. In an gama duk wannan aka miƙa takardu, ƙa'idarsu ita ce a ba da amsa cikin mako 12. Wanda ya ƙara fam 500 kuwa, sai su ce za su yi ƙoƙarin ba shi amsa cikin ranakun aiki 30, wato kamar mako 6. Kin ga ke nan abin da fam 500 ɗin yake saye shi ne ragin kimanin mako shida. Ba ya sayen bizar. In takardun ba su cika ba, za a hana ki, sai dai ki ji labarin da wuri, kuma kuɗin ya tafi.

A Amurka kuwa da bambanci. Tun shekarar 2001 suka buɗe ƙofar kuɗin gaggawa, a lokacin dala 1,000, a ba da amsa cikin kwana 15, kuma zuwa 2024 kuɗin ya kai dala 2,805 a manyan rukunan. Amma kamfanonin da suke son shigo da ma'aikata aka buɗe wa wannan ƙofa. Mutumin da yake neman a kawo masa matarsa ko mahaifiyarsa ba a ba shi wannan dama ba. Abin da yake da shi shi ne ya roƙi a gaggauta masa saboda wata lalura mai tsanani, kamar rashin lafiya, kuma wannan roƙon ba a biyan kuɗi a kansa. Shi ya sa ake ta muhawara a can: wasu suna cewa don me kamfani zai iya sayen sauri amma miji ba zai iya ba, wasu kuma suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa talaka ne zai sha wuya.

Raba iyali ba ƙaramin abu ba ne

Ya ke 'yar uwa, kada wani ya ce da ke mako shida ai ba komai ba ne. Wanda bai taɓa kwana yana lallashin yaro mai zazzaɓi shi kaɗai ba, shi ne zai faɗi haka. Musulunci bai ɗauki rabuwar ma'aurata da wasa ba. A aya ta 21 ta Suratur Rum, Allah Ya ambaci natsuwa da soyayya da tausayi a matsayin abin da Ya ƙulla tsakanin miji da mata, kuma natsuwa ba ta cika ta wayar tarho. A aya ta 226 ta Suratul Baƙara an yanke wa mijin da ya rantse zai ƙaurace wa matarsa wa'adin wata huɗu, ba a bar shi ya yi yadda ya ga dama ba. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana koken kewar mijinta wanda ya tafi yaƙi. Sai ya je ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa (RA) iya tsawon lokacin da mace za ta iya jurewa, daga nan ya kafa doka kada a riƙe soja nesa da iyalinsa fiye da wata huɗu a wata ruwaya, wata shida a wata. Dubi wannan, halifa ne guda ya gyara tsarin rundunarsa saboda hawayen mace ɗaya.

Ki tuna kuma da uwarmu Ummu Salama (RA). Ta ɗaura niyyar hijira tare da mijinta Abu Salama da ɗansu ƙarami, sai danginta Banu Mugira suka tare hanya suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka fizge yaron, shi Abu Salama ya wuce Madina shi kaɗai. Gida ɗaya ya rabu uku. Kusan shekara guda tana fita kullum da safe zuwa Abɗah, ta zauna tana kuka har yamma. Me ya buɗe mata hanya? Wani ɗan uwanta ne ya gan ta ya ji tausayinta, ya je ya yi wa dangi magana har suka sake ta, aka mayar mata da ɗanta. Ta hau raƙumi ita kaɗai da yaron, a Tan'im ta haɗu da Usman ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai ma musulunta ba, ya ja mata akala har Ƙuba. Tausayi ne ya sada wannan iyali, kuma wanda ya raka ta bai karɓi ko dirhami ba.

Hukuncin mai biya

To yanzu mu koma kan tambayar ƙanwarmu. Mece ce rashawa? Malaman fiƙihu sun bayyana ta da cewa dukiya ce da ake bai wa mai riƙe da al'amarin jama'a domin ya tabbatar da ƙarya ko ya rushe gaskiya. Aya ta 188 ta Suratul Baƙara ta hana cin dukiyar juna ta haramtacciyar hanya da miƙa ta ga masu hukunci don a ci haƙƙin wasu. A hadisin Abdullahi ɗan Amru (RA) wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya tsine wa mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya. Akwai kuma labarin Ibnul Lutbiyya a Buhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya nuna fushinsa, ya ce mutumin ya zauna a gidan iyayensa mana ya ga ko kyautar za ta zo masa. A ƙasarmu ma, a cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a littafinsa Kitabul Farƙ har da gaisuwar da ake kai wa masu mulki.

In kika auna kuɗin gaggawar da hukuma ta sanar a kan wannan ma'auni, za ki ga ya sha bamban. An buga shi a fili kowa ya sani, farashinsa ɗaya ne ga kowa, baitulmalin gwamnati yake shiga da rasidi, ba aljihun ma'aikaci ba, kuma ba ya sauya hukuncin da za a yanke a kan takardunki. Saboda haka abin da ya fi bayyana shi ne ijara ce, wato biyan lada a kan wani aiki, kuma wadda ta biya ba ta ba da cin hanci ba. Ko da ma an ɗauka tsarin da zalunci a cikinsa, malamai da yawa sun yi sauƙi ga wanda ya ba da dukiyarsa don ya kai ga haƙƙinsa, suka ce laifin yana wuyan wanda ya tsare hanyar. Suhaibu Ar-Rumi (RA) da Ƙuraishawa suka tare shi a hanyar hijira, dukiyarsa kakaf ya bar musu suka ƙyale shi, da ya isa kuwa Annabi (SAW) ya yi masa albishir cewa cinikinsa ya yi riba. Ba wanda ya zargi Suhaibu, kuma ba wanda ya yabi waɗanda suka karɓa.

Don haka na ce da ƙanwarmu, in maigidanta yana da hali, kuɗin kuma na halal ne, su biya, babu zunubi a kanta, in sha Allahu.

Hukuncin mai sayarwa

Amma fa 'yar uwa, halaccin biya a gare ki bai wanke mai sayarwa ba. Tambayar da ta rage ita ce, ya dace hukuma ta sayar da layin haɗa iyali? Bari in ba ki misali da abin da kika sani. Kin kai niƙa, kin tarar da kwanuka goma a jere, kika ajiye naki na sha ɗaya. Sai ga wata ta zo ta ƙara wa mai inji kuɗi, ya ɗauki kwanonta ya sa a gaba. Injin ɗaya ne, mai niƙan ɗaya ne. Lokacin da ya sayar mata daga ina ya samo shi? Daga wurinku ya ɗiba, ku goma sha ɗaya, kuma bai nemi izininku ba. Amma da a ce da wannan ƙarin kuɗin ya sayi inji na biyu ya ɗauki yaro, masu sauri suka koma can, to ku ma layinku ya ragu, ba wadda aka cuta.

Wannan shi ne ma'aunin. In kuɗin gaggawa yana ƙaro ma'aikata, to ciniki ne mai tsabta. In kuwa ma'aikatan nan dai ne suke ture takardun marasa hali gefe, to an sayar da lokacin talaka ne ba da yardarsa ba. Su kansu 'yan majalisar Amurka sun gane haka, domin a dokar da suka yi a 2020 ta faɗaɗa wannan tsari sun sharɗanta cewa kada ya jawo ƙarin jinkiri ga waɗanda ba su biya ba. Rubuta sharaɗi abu ne mai sauƙi, cika shi ne aiki. Akwai kuma wani haɗarin: ofishin da yake samun kuɗi daga jinkiri, me zai sa ya matsu ya kawar da jinkirin? Kullum layin talaka ya ƙara tsawo, masu sayen sauri ƙaruwa suke yi.

Abin da ya faru a 2022 ya isa darasi. Bayan da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu na wannan shekara, Birtaniya ta dakatar da karɓar kuɗin gaggawa a bizar iyali, ta mayar da ma'aikatanta kan takardun masu gudun yaƙi, wa'adin mako 12 ya koma mako 24, sai a 2023 al'amura suka koma yadda suke. Abu biyu muka koya a nan. Na farko, ma'aikatan ƙidayayyu ne, duk wanda aka sa a gaba to an mayar da wani baya. Na biyu, hukuma tana iya jera mutane bisa tsananin buƙata in ta so, domin masu gudun yaƙin ba kuɗi suka biya ba. Bugu da ƙari, ma'aikatar harkokin cikin gidan Birtaniya da kanta tana buga ƙiyasin abin da duba kowace takarda yake ci mata, kuma kuɗin bizar iyali ya ninka wannan ƙiyasi sau da yawa. Ashe matar da ba ta ƙara komai ba ta riga ta biya fiye da ladan aikin.

A koyarwar addininmu, abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta. Da aka nemi a gina wa Annabi (SAW) inuwa ta musamman a Mina, ƙi ya yi, ya nuna cewa wurin na wanda ya riga sauka ne. In kuma za a tsallakar da wani, to lalura ce take tsallakarwa: mai ciki da ta kusa haihuwa, yaron da ba shi da lafiya, mijin da yake kwance a asibiti ba mai jinya. Da za a nemi shawarata, cewa zan yi a gyara layin kowa ya zama gajere, a buɗe ƙofar lalura kyauta, sannan in za a bar kuɗin gaggawa to a tabbatar kowane fam ya tafi wajen ƙaro ma'aikata. Kamfani yana sayen sauri ne don ya ci riba, ya kuma mayar da kuɗinsa. Matar aure ba riba take nema ba, ɗakinta take son komawa. Kewar matar mai kuɗi ba ta fi ta matar talaka zafi ba.

Abubuwan da za ki kiyaye

Na farko, ki bambance kuɗin hukuma da kuɗin ɗan cuwa-cuwa. Duk wanda ya ce miki yana da mutum a ciki, a ba shi na goro ya tura takardunki sama, to ɗayan biyu ne: ko dai rashawa ce tsagwaronta wadda aka tsine wa mai ita, ko kuma damfara ce. Ki lura kuma akwai ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta fitar da umarnin dakatar da bizar zama ga 'yan wasu ƙasashe daga Janairun 2026, har da Nijeriya da Nijar. A irin wannan yanayi ne mayaudara suke cin kasuwarsu, domin sun san wanda ya matsu ba ya dogon bincike.

Na biyu, kada son sauri ya kai ku ga ƙarya. Takardar banki ta bogi, ko rage shekaru, ko rubuta ɗan wani a matsayin naku, duk shaidar zur ce, kuma tana cikin manyan zunubai. A duniya ma in aka gano, hana mutum shiga ƙasar ake yi na tsawon shekaru. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Na uku, kada a ci bashin ruwa saboda mako shida. In babu hali, a bi layi a yi haƙuri, ba a gyara halal da haram. Kuma ki sani wannan ɗawainiya tana wuyan miji ne, domin shi aka ɗora wa ciyarwa da matsuguni. In kin ga dama kin sayar da ɗan kunnenki kin taimaka, sadaka ce kika yi kuma Allah zai ba ki lada, amma ba wanda yake da ikon tilasta miki.

Na huɗu, a isar da wannan ga mazajenmu da suke can. Jinkirin ofishi uzuri ne, jinkirin ganganci ba uzuri ba ne. Akwai wanda shekara biyar yana cewa takardu ne suka tsaya, alhali ko fom bai cike ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, in miji ya daɗe ba ya nan har matar ta cutu ta kai ƙara, alƙali yana rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sauwaƙe mata. Kafin biza ta fito, ya riƙa zuwa gida gwargwadon iko, ya riƙa aike, ya riƙa kira.

Na biyar, ke da Allah Ya hore miki kika biya kika wuce, kada ki manta da wadda kika bari a layi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki yi mata addu'a, ki nuna mata yadda ake cike takardu don kada ta faɗa hannun mayaudara, in kuma da hali ki tallafa mata. Mu ma da muke gida, a rassanmu na unguwanni, mu san matan da mazajensu suke nesa, mu riƙa leƙa su, mu kame bakinmu daga yi musu zato da tsegumi. Ummu Salama (RA) ta samu mai tausaya mata a cikin danginta, kada 'yar uwarmu ta rasa mai tausaya mata a cikinmu.

Ke kuma da kike jira, kwanakin nan ba asara ba ne a wurin Allah. Kowane dare da kika tsare mutuncinki, kika rungumi 'ya'yanki, kika kai kukanki ga Ubangijinki, an rubuta miki shi. Ki yi abin da yake hannunki na halal, sauran ki bar wa Mai shi, domin babu ma'aikacin da zai buga hatimi kafin lokacin da Allah Ya ƙaddara, babu kuma wanda zai riƙe shi bayan lokacin ya yi.

Ya Allah Ka sada kowace mata da mijinta cikin alheri, Ka haɗa kowane yaro da mahaifinsa, Ka tsare mu daga rashawa, bayarwa da karɓa, Ka ba shugabanni tausayin talakawa a duk inda suke. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da yake ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.